Wata tara cif amma kilo 2.1, me ya hana yarinyar nan girma a ciki?

Mai_Agashe_Gadarif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daga Gadarif nake, a nan Sudan. Allah ya sauki iyalina lafiya ranar Talata da asuba, an samu 'ya mace. Sai dai tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da daya, wato ungozoma, ta ɗora ta a ma'auni sai ta ce kilo 2.1. Kuma ba bakwaini ba ce, wata tara ta yi cif a lissafin uwarta. Yayanta kilo 3 aka haife shi. Wannan kuwa in ka ɗauke ta sai ka rantse zanen da aka naɗe ta da shi kaɗai ka ɗauka. Hular da na sayo mata har hanci take rufewa. Hajiyata ta ce gado ne, wai ni ma haka aka haife ni kamar ɗan tsako. Surukata ta ce wahala ce ta cinye 'yarta, kuma da ni take, na gane. Ungozomar kuwa cewa ta yi "matarka ba jini", ta juya wurin wata mai naƙuda. To cikin ukun nan wa zan kama? Ina so in san inda aka yi kuskure don kar a maimaita.

Ummu_Sajida: Barka da arziki. Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya.

Ɗan_Damazin: Barka Malam. Amma fa ka ba ni mamaki. Mai agashe guda, nama na wucewa ta hannunsa kullum, a ce matarsa ba jini? Wanzami ba ya son jarfa ke nan.

Mai_Agashe_Gadarif: Ɗan Damazin, ka bar ni da abin da ke damuna. Naman da nake gasawa na mahauci ne, bashi nake karɓa da safe in biya da dare. In na kai gida kuma ita warin nama ma ba ta so tun da ta fara laulayi.

Daya_Kassala: Barka ƙanina. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, bari in ɗan warware maka. Duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ranar haihuwa, mu a wurinmu mai ƙarancin nauyi ne. In ya gaza 1.5 abin ya yi tsanani. Hanya biyu ce ke kawo haka. Ko dai ya fito kafin ciki ya cika mako 37, wato bai nuna ba, ko kuma ya cika watanninsa amma abinci bai ishe shi a ciki ba. Taka ta biyun ce, in lissafin uwar daidai ne. Na ce in daidai ne saboda mata da yawa da ke ɗaukar ciki suna shayarwa ba su ga jini ba balle su ƙirga. An yi mata hoton ciki? Yaushe ta fara zuwa awo? Ta yi maleriya? Nawa ne shekarun yayan? Amsa mini waɗannan tukuna.

Kuma kada ka ɗauka a kanku farau. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta shekarar 2020 ta nuna jarirai miliyan 19.8 aka haifa haka, wato kusan ɗaya cikin kowane bakwai a duniya.

Mai_Agashe_Gadarif: Na gode Yaya. Hoto sau ɗaya aka yi, a wata na bakwai, lokacin ne ma ta fara awo. Maleriya ta yi sau biyu da damina, ɗaya a Agusta ɗaya wajen Oktoba. Ta farko na sayo magani a kemis ta sha, ta biyu ce muka je asibiti don ta kwanta sosai. Yayan shekararsa ɗaya da wata biyar.

Daya_Kassala: To ka ga ka ba kanka amsa uku a saƙo ɗaya.

Haboba_MaiWurno: Jikata ce ke rubuta mini. Ni na haifi goma sha ɗaya, ba awo ba ma'auni, kuma ga su nan da 'ya'yansu. Ɗan da aka haifa ƙarami shi ke saurin girma in ya samu nono. Ku 'yan yanzu kuna ɗura wa mace ƙwayoyi, ɗa ya yi ƙato a ciki, a zo haihuwa a ce sai an yanka ta. Mu a da in ciki ya tsufa rage cin abinci ake yi don ɗa ya fito da sauƙi. Ɗana, ka kwantar da hankalinka, hajiyarka ta fi su gaskiya.

'Yar_Madani: Haboba, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Amma in ba za ki ji haushi ba, cikin sha ɗayan nan nawa suka rayu? Don ni tawa kakar tara ta haifa, biyar ta binne, kuma in tana ba da labari tara take cewa.

Haboba_MaiWurno: Bakwai ne a raye. Huɗu kwanansu ya ƙare, biyu tun kafin suna. Allah ne ya bayar, shi ya karɓa.

'Yar_Madani: Haka ne Haboba. Allah ya sa masu ceto ne.

Sista_Bortsudan: Maganar Haboba ita ce abin da muke fama da shi kullum a ɗakin awo, kuma ba na raina ta, don tsoron da ke ƙarƙashinta na gaskiya ne. Macen da ta ga 'yar'uwarta ta kwana uku tana naƙuda a ƙauyen da ba mota, dole ta ji tsoron babban ɗa. Amma ƙwayar ƙarin jini ba ta mai da ɗa ƙato. Abin da ke sa jariri ya wuce kima, kilo 4 zuwa sama, galibi ciwon sukari ne na lokacin ciki ko ƙibar uwa. Ƙwayar nan jinin uwar take ginawa. Jinin kuma shi ke ɗauko iska da abinci ya kai mabiyiya, mabiyiya ta miƙa wa ɗa ta cibiya. In gwajin jinin mai ciki ya nuna ƙasa da 11 tana da ƙarancin jini, in ya sauka ƙasa da 7 ta shiga haɗari, don jinin da wata za ta zubar wajen haihuwa ta tashi ta yi wanka, ita shi zai kai ta. Saboda haka mai rage abinci don haihuwa ta zo da sauƙi, ƙarfin nishin ma take ragewa.

Abin da ake so shi ne ƙwaya ɗaya kullum mai sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4, tun daga farkon ciki. Mai Agashe, an ba ta? Ta sha?

Mai_Agashe_Gadarif: Yanzu na tambaye ta. An ba ta, ta sha kwana huɗu ta ajiye. Wai tana tayar mata da zuciya, bayan gida ya koma baƙi, ta tsorata. Ga sauran nan ta ciro daga ƙarƙashin katifa. Wallahi ban sani ba sai yau.

Sista_Bortsudan: Baƙin bayan gida ba komai ba ne, haka maganin yake yi wa kowa. Tashin zuciyar kuma in ta sha da dare bayan ta ci abinci yana raguwa. Laifinmu ne mu ma'aikata, mukan miƙa wa mace leda ba bayani saboda layi ya yi tsawo. Kar ta zubar, yanzu ma tana bukatarsu. A kai ta a auna jinin.

Maman_Tagwaye: Ni nawa ɗaya 2.2 ɗaya 1.9 suka zo, a mako na 35. Likita ya ce ga tagwaye wannan ba abin mamaki ba ne, wuri ɗaya suke rabawa kuma da wuya su cika wata tara. Yanzu suna aji uku, ƙaramin ma ya fi fitina. Kar ka karaya ɗan'uwa.

Direban_Raksha: To ni tambaya gare ni. An ce ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Gaskiya ne? Don tun muna yara muke ji.

Daya_Kassala: Ba gaskiya ba ne, kuma maganar nan ta yi ɓarna. Na taɓa ganin dangi sun saki jiki da jaririn wata takwas wai ai ba ya rayuwa. Kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki riba ce, huhunsa na ƙara nuna, kitse na ƙara taruwa a jikinsa. Shi ya sa in naƙuda ta taso da wuri, tsakanin mako 24 da 34, ake yi wa uwa allurar da ke gaggauta nunar huhun ɗan. Ɗan wata takwas ya fi bakwaini dama nesa ba kusa ba.

Bari in koma kan Mai Agashe, kan maleriyar nan, don ita na fi zargi. Mu nan Kassala da ku Gadarif da su Sinnar da Damazin, daga an shiga damina har bayan ɗaukewar ruwa sauro ba ya ɗaga ƙafa. Ƙwayar maleriya tana da wata mugunta ga mai ciki. Tana zuwa ta maƙale a mabiyiya ta taru a can. Wani lokaci ma a ɗebi jinin yatsa a ce ba a ga komai ba, matar tana yawonta ba zazzaɓi, alhali mabiyiya cike take. Hanyar abincin ɗa ta ƙuntata ke nan. In na karɓi irin wannan haihuwa nakan ga ɗan dogo ne ba laifi, kansa daidai, amma fata ta yi masa yawa, cinyoyi duk tattara kamar tsoho, cibiya siririya. Ga shi kuma maleriyar na fasa jinin uwa, ta haɗu da ƙarancin da take da shi tun asali. Masu cikin fari sun fi kowa shan wannan.

Maganinta gidan sauro mai magani kowane dare, ba sai an ji kukan sauro ba. Zazzaɓi kuma ko na yini ɗaya ne a je a gwada, kar a sayo magani da ka, don ba kowane maganin maleriya ne ya dace da kowane watan ciki ba. A wuraren da maleriya ta yi ƙarfi a Afirka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba mai ciki Fansidar na rigakafi daga mako na 13, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. A watanni ukun farko ba a sha. Mai ciki ta tambaya a inda take awo.

Ɗan_Damazin: Gidan sauron da aka raba mana ai rabin unguwa shingen kaji suka yi da shi, wasu kuma kamun kifi a bakin dam.

Gwaggon_Yara: Ni duk kun kewaye abin da ya fi ci mini rai. Yaro ɗan shekara ɗaya da wata biyar, ga ƙanwa. Ku lissafa. Yana wata takwas ta ɗauki ciki. Kwanika ke nan ƙarara. Tana ba wancan nono, wannan na ja ta ciki, ita kuma jinin da ta zubar a haihuwar farko bai dawo ba. Gonar da aka noma bana aka noma baɗi ba taki ba hutu, wane amfani za ta ba ka? Mu a da mace sai ta yaye take komawa ɗaki. Haboba ta faɗi na rage abinci amma ba ta faɗi wannan ba. Sha ɗayan nan nata na tabbata ba a shekara sha ɗaya ta haife su ba.

Haboba_MaiWurno: Wannan kam gaskiya ta faɗa. Mu shekara biyu muke goyo, wani har da rabi. Wadda ta yi kwanika dariya ake mata a bakin kogi.

Mai_Agashe_Gadarif: Gwaggo, na ji, kuma ban musa ba. Ba shiri muka yi ba. Mun ɗauka tun da tana shayarwa ba za ta ɗauka ba.

Sista_Bortsudan: Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne in sharuɗɗa uku sun haɗu: ɗan bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jinin al'ada bai dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Shawarar masana ita ce a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar wani, in ɓari ne kuma wata shida.

Malam_Sinja: Wannan bai saɓa wa addini ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara shekara biyu cikakku ta ambata ga mai son cika shayarwa. Zan ƙara da batun azumi tun da ana maganar abinci. Ya tabbata a hadisi cewa an sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa. Amma sai ka ga mace da ciki wata takwas, a zafin nan namu da ke wuce 40, tana jiri tana riƙe bango, ta ƙi sha don kar kishiya ko dangin miji su ce ta cika raki. Wadda likita ya ce ta sha, ta sha. Mazan kuma su daina yin shiru a nan.

Bakano_a_Jidda: Mu nan Saudiyya ba sauro irin naku, abinci kuma ga shi nan, amma ana haifar ƙananan jarirai. Matata ta haifi 1.8 a mako na 33. Hawan jini ne. Ƙafa ta kumbura muka ce ai na ciki ne, sai fuska, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Ranar da ta ce tana ganin wasu taurari-taurari a idonta ga ciwon kai, maƙwabciyarmu ta ce maza asibiti. Suna aunawa suka ce ba za ta koma gida ba, a daren aka ciro yaron. Ya yi kwana 20 a kwalba. Abin da ya sa muka makara, takardun zamanta ba su cika ba a lokacin, muna tsoron zuwa awo. Akwai mata da yawa a unguwanninmu a Makka da Jidda da haka ke hana su.

Daya_Kassala: Allah ya kiyaye gaba, Bakano. Da kun ƙara kwana da sai jijjiga. Wannan ciwon yana zuwa ne bayan mako na 20, awon jini ya kai 140 bisa 90 ko sama, a ga furotin a fitsari. Jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya ne ke tsukewa, shi ya sa ɗan ke tsumburewa. Ya fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta haura 35, da wadda ta taɓa yi. Wadda ta taɓa yi ta faɗa tun awon farko, akwai ƙaramin asfirin da likita ke ɗora ta a kai. Kuma shi ba a gane shi da ido sai ya yi nisa. Abin da ya sa muke nacin awo ke nan. Tun 2016 aka mai da shi sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A wata bakwai da matar Mai Agashe ta zo, me ya rage a gyara?

'Yar_Madani: Yaya Daya, sau takwas a ina? Ku yi mana adalci. Ni ina da ciki wata biyar muka baro Madani saboda yaƙi a Disamban 2023. Kwana uku muna hanya kafin Gadarif, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota a tsaye. Muka sauka a wata makaranta, mu iyali shida aji ɗaya. Abinci sau ɗaya, asida, wato tuwo, da ruwan miya. Katin awona ma a gida na baro shi. Wata ma'aikaciya ta zagayo da wani ɗan tef ta naɗa a damtsena, ta ce bai kai santimita 23 ba, ta rubuta sunana a masu karɓar ƙarin abinci. Na haifi yarona 2.0. Ba wanda ya isa ya ce sakaci na yi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 mata nawa ne suka haihu a hanya? In ana lissafa abin da ke hana ɗa girma a ciki, a sa yaƙi a layin farko, a sa tsoro, a sa yunwa.

Daya_Kassala: Gaskiyarki 'yar'uwa, ban faɗa don in ɗora wa kowa laifi ba. Ni kaina na yi watanni ina awo ba ko ƙwaya ɗaya da zan ba mace. Ya yaron yanzu?

'Yar_Madani: Alhamdu lillahi yana gudu ko'ina. Sai dai bai kai tsaransa tsawo ba.

Ummu_Sajida: Ba wanda ya taɓo shayi. Mu nan ƙasar daga an sauke kwanon abinci sai shayi, da hantsi jabana, wato gahawa, da la'asar jabana. Ni da cikina na uku likita ta hana ni shayi bayan abinci, ta ce yana hana jiki tsotse ƙarfen da ke cikin abincin. Ta ce in bari sai bayan awa ɗaya ko biyu, in maye gurbinsa da lemon tsami ko ruwan kuka, gongolez ɗin nan, ko gwaba. Jinina ya tashi daga 9 zuwa 11 da rabi, da ƙwayar dai.

Sista_Bortsudan: Daidai ta faɗa miki. Jabanar kuma batunta biyu ne, don yawan gahawa shi kansa ana danganta shi da ɓari da ƙarancin nauyi. Wadda ke wuce miligiram 300 na kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa, a yini ana so ta rage, kuma jabanarmu mai kauri ce, zama biyu ko uku na iya kai ta can. Abinci kuwa ba sai mai tsada ba. Ful da adas (dangin wake), wake, gyaɗa, riɗin da Gadarif ke fitarwa buhu-buhu, ƙwai, kifi, lalo, zogale, nono. Godogodon da matanmu ke sayarwa ma abinci ne mai kyau, gero da nono. Matsalar ita ce a gida da yawa mace ita ke ci a ƙarshe, bayan an fitar da na maza an sallami yara.

Direban_Raksha: Yanzu kuma an dawo kanmu.

Gwaggon_Yara: Da a kan wa za a dawo? Wa ke zama a ɗaki ɗaya da mai ciki yana busa sigari? Wa ke kunna shisha a tsakar gida?

Ɗan_Damazin: Ni dai tumbak, garin taba, nake sakawa a leɓe, ba hayaƙi, ba ruwana.

Sista_Bortsudan: Kai naka leɓen da dasashin ne za su biya. Amma Gwaggo ta yi gaskiya. Mace mai shan sigari, a matsakaici jaririnta kan ragu da kusan giram 200, kuma hayaƙin da wani ya busa ta shaƙa shi ma yana rage wani abu. Tumbak ɗin ma in mai ciki ce ke sakawa, nikotin ɗin na isa ga ɗa. Sannan hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafa. Mai suyar kisra, wainar dawa mai faɗi, tana duƙe a kan wuta awa biyu, idonta na hawaye. A fito da murhu waje inda iska ke wucewa.

Mai_Agashe_Gadarif: Ni ba na shan komai. Amma ita ke daka mini yaji da ƙuli kullum, ita ke ɗebo ruwa in na famfo ya ɗauke, har watan haihuwarta. Da kaka kuma ta bi su yankan riɗi sati biyu don mu samu na kayan jariri. Na hana, ta ce kowa na zuwa. Yanzu dai na ga maganar surukata ma ba a banza take ba. To ta hajiyata fa? Gadon babu shi sam?

Daya_Kassala: Akwai shi. Iyaye gajeru masu ƙaramin jiki sukan haifi ƙananan 'ya'ya lafiyayyu, kuma macen da aka haifa ƙarama ta fi yiwuwar haifar ƙarami. Amma ku biyun nan ne kuka haifi mai kilo 3 shekara ɗaya da rabi da ta wuce. Gadon bai canja ba, jikin uwar ne ya canja. Kar ka je ka ce wa Hajiya ta yi ƙarya dai.

Maman_Tagwaye: A duba sikila ma. Ƙanwata mai sikila ce, duk 'ya'yanta ƙanana take haifa, kuma a cikinmu akwai ta da yawa. Da ciwon sanyi na fitsari, shi ma an ce yana tayar da naƙuda kafin lokaci.

Sista_Bortsudan: Duka biyun haka ne, shi ya sa ake karɓar fitsari a awo ko mace ba ta jin komai. A ƙara da yarinyar da aka aurar jikinta bai gama girma ba, ita da ɗan ke rabon abinci ɗaya.

Shugaban_Zaure: Jama'a, bawan Allah nan yana da jaririya 'yar kwana huɗu a hannu. An faɗi abin da ya wuce, a faɗa masa abin da zai yi yau.

Daya_Kassala: To. Abokan gabanta uku ne yanzu: sanyi, yunwa, da ƙwayar cuta. Ba ta da kitsen da zai riƙe mata ɗumi, ko a garin zafi jikinta na iya yin sanyi da asuba. A cire mata kaya a bar kunzugu da hula da safa, a kwantar da ita a ƙirjin uwar tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, kanta a juye gefe, a ɗaure da zani kamar goyo amma ta gaba. Awa takwas a yini ko fiye, iya yadda za a iya. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan a 1978, lokacin da kwalabe suka yi wa wani asibiti kaɗan, yanzu duniya duka ta karɓa. Mu da wuta ke ɗaukewa kullum ai kamar don mu aka yi. In uwar za ta yi wanka, kai ka buɗe jallabiyarka ka karɓa.

Nono duk bayan awa biyu zuwa uku, ko tana barci a tashe ta, irinsu ba sa kukan yunwa. In ta gaji da tsotso a tatsa a ba ta da ƙaramin kofi mai tsabta. Ba ruwa, ba dauri, ba zuma. Wanka kar a yawaita, a goge ta da ruwan ɗumi a shanya nan take. Kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Ranar suna kuma kar a riƙa miƙa ta hannu-hannu. In ta ƙi nono, ko jikinta ya yi sanyi ko zafi, ko numfashi ya wuce 60 a minti, ko tafin hannu da ƙafa sun yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Ɗan_Damazin: Mai Agashe da goyo a ƙirji. Don Allah a ɗauko mana hoto.

Haboba_MaiWurno: Wannan na ƙirji ai mun san shi. Akwai bakwainin da aka haifa a gidanmu da sanyin hunturu, kishiyar uwata ta sa shi cikin rigarta wata guda. Ya girma har ya yi limanci. Amma ba dauri kuma? To.

Mai_Agashe_Gadarif: Salam jama'a, jiya aka yi suna. Na gode da addu'o'i. Mun koma an auna ta, ta sauka zuwa kilo 2.0, gabana ya faɗi, amma ma'aikaciyar ta ce kowane jariri na raguwa a makon farko, ana so ta dawo nauyin haihuwarta wajen kwana 14, mu dawo a sake aunawa. Jinin uwar 8.4. An ba ta ƙwayoyin wata uku, yanzu a hannuna suke, ni ke ba ta bayan tuwon dare. Goyon ƙirji muna yi, ni nakan karɓa bayan asuba kafin in tafi kasuwa. Hajiya ta yi ta dariya ranar farko, yanzu ita ma karɓa take. Kan gado kuwa har yau tana nan kan bakanta.

Ɗan_Damazin: Tsire biyu kullum na mai jego, kar ka sa a lissafin mahauci.

Sabuwar_Amarya: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Cikina wata huɗu, kuma wallahi ba abin da nake sha'awa kamar farar ƙasa da ƙanƙara, har ɓoyewa nake ina ci. Yana da alaƙa da abin da kuke faɗa?

Sista_Bortsudan: Yana da ita. Yawanci alamar ƙarancin ƙarfe ce a jini, ƙasar kuma ƙara hana jiki tsotse shi take yi, ga tsutsar ciki. Kin fara awo?

Sabuwar_Amarya: Tukuna. An ce sai ciki ya fito, kar a yi mini baki.

Daya_Kassala: Wane gari kike? Gobe Lahadi, ana awo.